Jan Alƙalamin Amak Tolib

An haifi Sobir Haitov a Khujand a shekarar 1984. Direban ƙaramar bas ne, yana jigila tsakanin babbar kasuwa da unguwannin tsallaken kogi. A tasha ba mai kiransa da sunan mahaifinsa. Sobir Fitila ake ce masa, kuma har zuwa kakar bara yana jin daɗin sunan.

Sunan daga wani gem ya samo shi. Yana ɗan shekara goma sha biyar wani mai kanti a kasuwa da ake kira Amak Tolib, wato Kawu Tolib, ya ajiye talabijin da na'urar buga gem a bayan kantinsa. Amak Tolib yakan je fatauci ya dawo da faya-fayai a buhu, ba kwali ba hoto. Faifan da ya fara zuwa hannunsa sai ya ɗauki jan alƙalami ya rubuta masa ɗaya. Idan ɗan'uwansa ya biyo baya ya rubuta biyu. A haka yaran garin suka san gem ɗin da suke kira Mai Fitila, labarin wani saurayi da ke ratsa duwatsu da koguna da fitila a hannu yana neman garinsu da ya ɓace. Ba sa jin yaren da ake yi a ciki, saboda haka kowa suka gani sai su raɗa masa suna da kamanninsa.

A faifai mai lamba ɗaya, tun ba a je ko'ina ba, wani dogon tsoho mai tuƙa kwalekwale yakan karɓi fitilar daga hannun saurayin ya tsoma ta a ruwa, duniya ta yi duhu. A na biyu da na uku tsohon yakan fito yana murmushi yana taimakon saurayin, sai yaran suka yanke hukuncin cewa ba shi da kunya ne kawai. Sobir ya riga kowa gama ukun. Bai kuma taɓa yafe wa tsohon ba. Har ya girma, idan wani direba ya sha gabansa ya kwashe masa fasinja, sai ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya isa, Mai Kwalekwale!"

Faifai na huɗu shi ya zo daga ƙarshe. Hotunansa ba kyau, mutanen ciki kamar an jera bulo. Sobir ya kalla kaɗan ya ce jabu ne, sauran yara suka bi bayansa. Amak Tolib ya ba shi kyauta. Mahaifiyarsa ta zura masa zare ta rataye shi a jikin inabin tsakar gida don ya kori tsuntsaye, kuma duk shekara idan inabi ya fara nuna sai a sake rataye shi.

Shekara biyu da suka wuce matarsa Ziyoda ta tafi Rasha aikin jinyar tsofaffi. Gidan ya rage daga shi sai 'yarsu Mehrangez, wadda suke kira Mehri. Ta shiga sabuwar makaranta a tsakiyar gari, cikin 'ya'yan masu hali, maganarta da babanta kuma ta koma "shayi ya yi" da "na tafi". Sobir yana ganin haka, bai san ta inda zai ɓullo wa abin ba.

Wata Lahadi da rana suna cin osh, dafa-dukan da ya dafa, shinkafar ta ɗan caɓe, sai ta ajiye cokali.

"Baba, wai da gaske kun iya gem ɗin nan na mai fitila?"

"Iyawa? Je ki tasha ki tambayi sunana."

"An sake fito da shi a kwamfuta, duka huɗun. Ni da ƙawayena mun ce za mu buga a hutun nan, daga farko. Amma sunaye ne da su, ba lamba, kuma mun yi alkawari ba wadda za ta duba intanet, kada a ɓata mana labari." Ta ɗago ta dube shi. "Na ce musu babana ya san shi tun kafin a haife mu."

Sobir ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya goge hannu, ya gyara zama.

"Ai ba wuya, 'yata. Ku fara da wanda Mai Kwalekwale ya ci amanar yaron ya tsoma fitila a ruwa. Shi ne na ɗaya. Gara ku san munafukinku tun da wuri."

Mehri ta ɗauki waya ta rubuta wa ƙawayen nata yadda ya faɗa, kalma da kalma. Ta ƙara masa shayi da kanta.

Washegari da ya dawo daga aiki ya tarar da ƙofar ɗakinta a rufe. Ya ƙwanƙwasa. Ta buɗe kaɗan, idonta ya yi ja. Yayan wata ƙawarta ya ga saƙon, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai shi ne na ƙarshe, kuma tsoma fitilar nan shi ne abin da aka yi faifai uku ana ɓoyewa. Ƙawayen sun cire ta daga rukuninsu na waya. A aji kuma an sa mata suna 'Yar Mai Ɓata Labari.

"Da kun ce ba ku sani ba, Baba, da ya fi," ta ce, ta mayar da ƙofar.

Ya tsaya a nan yana so ya ce da idonsa ya ga lambar, da jan alƙalami, amma bai ce ba.

Da safe ya bar motar a tasha ya nufi kantin Amak Tolib. Tsohon yanzu rigunan waya yake sayarwa, yana zaune kan kujera da butar shayi a gefensa.

"A'a, Fitila! Yau motar ta mutu ne ka tuna da tsofaffi?"

"Amak, lambobin da kuka riƙa rubuta wa faya-fayan nan, daga ina kuka samo su?"

"Daga buhu mana. Wanda ya fara fitowa shi ne ɗaya."

"Shi ke nan?"

"To da daga ina? Ni ko sau ɗaya ban taɓa riƙe abin dannawar nan ba. Ku ne malaman."

Sobir ya ba shi labarin Mehri. Amak Tolib ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya, ta ƙi, ta fito masa da tari.

"Na huɗun fa, Amak?"

"Wanda ka ce jabu ne? Ai mutumin da ya sayar mini ya ce wannan ya fi duka tsufa. Na gaya muku a nan, a bakin ƙofar nan. Kai ne ka ce, 'Amak, ku tsaya kan cinikinku.' Kana ɗan mitsitsi da kai, wuya kamar na zakara."

Sobir ya tuna. Da ma bai manta ba, ajiye maganar ya yi a inda ba ya dubawa. Ya ƙi shayin da aka zuba masa. A hanyar komawa wani direba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Fitila!" ya yi kamar bai ji ba.

A gida ya hau kujera ya tsinke zaren daga jikin inabin. Rana ta cinye bayan faifan, lambar huɗun da ƙyar ake ganinta. Ya goge shi da gefen riga, ya jira Mehri ta dawo daga makaranta, ya miƙa mata.

"Wannan ne na farko. Tsuntsayen gidan nan sun fi ni saninsa."

Ta juya faifan a hannu, ba ta yi dariya ba.

"Ko in kira iyayen ƙawayen naki in ce laifina ne?"

"Don Allah kada ku ƙara, Baba."

Ta shiga ɗaki ta kunna kwamfuta, amma ba ta rufe ƙofa ba. Sobir ya tsaya daga bakin ƙofar kamar baƙo. Ta zaɓi na farkon, gem ɗin ya buɗe da wani yaro ruwa yana jansa. Sai ga kwalekwale, sai ga dogon tsohon ya miƙa hannu ya ciro shi, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya kunna fitila ya sa masa a hannu. Rubutu ya fito a ƙasa da Turanci.

"Me ya ce?" Sobir ya tambaya a hankali.

"Ya ce, 'Riƙe ta, ɗana. Amma ranar da na ce ka ba ni, ka ba ni, kada ka tambaye ni dalili.'"

Sobir ya tuna duk direbobin da ya jefa da sunan tsohon nan, da fasinjojin da ya cika wa kunne da labarin cin amanarsa. Ya juya zai fita.

"Ina za ku?" Mehri ta ce, idonta na kan kwamfutar. "Ƙawayena ba za su buga da ni ba, kuma ni yanzu na san zai tsoma ta. Ku kuka jawo. Ku ɗauko kujera mu ga dalili."

Ya ɗauko ƙaramar kujerar kicin ya zauna a bayanta. Da yaron ya iso wata gada mai rawa, Sobir ya buɗe baki zai ce ta bi ta hagu.

"Baba."

"Ban ce komai ba."

Ta bi ta dama.