Wuyan Don Wilfrido Ɗaya Ne

Tun da gwiwa ta hana Don Wilfrido Pincay shiga kwale-kwale, aikinsa ya koma zama. Daga Yuni zuwa Satumba yana bisa tudun bayan garin Puerto López, da kujerar roba da madubin hangen nesa, yana gadin teku. Da zarar ballena, ƙaton kifin nan da ya fi tirela, ta feso ruwa sama, sai ya buga wa Kyaftin Eulogio waya, shi kuma ya garzaya da baƙi masu kallo.

Abin haushin, watannin ballena su ne watannin da famfo ke ƙafewa. Hukuma ta manna takardu ko'ina, wai a yi tattalin ruwa. Wilfrido ya karanta har sau uku bai gane ba: ruwan da babu, ta ina ake tattalinsa? Tankar ruwa kuwa ba ta da ranar zuwa, kuma in ba a tare ta a mararraba ba, otal-otal take wucewa.

Da duron gidansu ya kwana goma sha ɗaya a bushe, matarsa Narcisa ta ce, "Tunda kana can sama kamar ungulu, ka riƙa duba mana hanya."

"Teku na gabana, hanya na bayana. Wuyana ɗaya ne, Narcisa."

"To juya shi mana! Ajiyarsa kake yi?"

Haka ya wuni biyu yana waige-waige har jiri ya kama shi. Ranar Alhamis da hantsi sai ga feshi a teku, ga kuma tanka tana gangarowa. Ya yi maza ya danna waya.

"Ga ta nan, bayanta na yoyo! A fito da bokitai!"

Ya katse, ya sake dannawa. "Uwa da ɗanta, kudu da dutse, maza!"

Sai ga muryar Narcisa: "Uwar wa? Kai, tsohon nan!" Ƙit.

Ya zauna yana kallon wayar. In wannan Narcisa ce, to wa ya aika neman bokiti?

Ita dai shekara talatin tana fassara shirmensa. Ta kwarara wa matan unguwa kira, suka tsaya wa direba a tsakiyar titi.

Da yamma Wilfrido ya sauko yana ɗingishi, ya tarar da duro cike, Eulogio kuma tsaye a ƙofa.

"Ballena mai yoyo! Baƙi goma sha shida na zagaya da su teku muna nemanta. Korarka na zo yi, sai na iske matata tana wanki da ruwan tankar tana waƙa."

"To an kore ni, ko ba a kore ni ba?"

"Ni ma ban sani ba."

Narcisa ta miƙo masa moɗa biyu na ruwa. "Je ka yi wanka. A cikin baho za ka tsaya, da ruwan zan goge ɗaki."