Maganar da Rikoda Ta Cinye

A shekarun da arzikin man fetur ya shigo ƙasa, da wuya ka sha ruwan randa a Ketare ba randar Baba Baraka ba ce. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, hannunta kullum cikin yumɓu. In tukunyarta ta tsage a wutar farko, mayar mata ake yi. Za ta kifa ta, ta duba shaidar babban yatsanta a gindi, ta wanke ka tas a kan kai ne ka cika wuta, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko maka sabuwa. A ganinta haka duniya take: wanda ya yi abu, shi ke da alhakinsa.

Ɗanta na fari shi ne Lawwali, kuma kunyar ɗan fari irin ta Baraka har misali ake yi da ita. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan". In ya shigo gaisuwa, nan take aiki zai taso mata a bayan ɗaki. Da samari suka fara kwarara Ikko aikin gini, ya bi su. Ranar tafiyar ko ƙofar gida ba ta leƙo ba, alhali ranta kamar ya fita.

Ana nan sai wani direban babbar mota ya kawo saƙo daga Lawwali: sabuwar rikoda da kaset guda. Mijin Baraka, Malam Gide, ya ajiye ta a tsakar gida, dangi da matan maƙwabta suka kewaye. Sai ga muryar Lawwali raɗau, yana gaida mahaifinsa, yana gaida baffanni, har jakin gidan sai da ya tambaya. Can ya ce, "Ita kuma Inna, ku hwaɗa mata..."

Zumbur Baraka ta miƙe, ta ja mayafi ta yi bayan gida, ta hau dakan yumɓu da ƙarfi don kada ta ji. Mata suka bushe da dariya suna yaba kunyarta. Daga ranar, duk lokacin da aka kunna kaset ɗin sai ta fice. Tana ce wa ranta ai zai zo da sallah, ta ji muryarsa ta bayan zana.

Bai zo ba. Kafin damina ta faɗi, labari ya iso cewa ya faɗo daga saman gini, an binne shi a can.

Bayan an share makoki, wani hantsi kowa ya tafi gona, ta tura ƙyaure ta danna maɓallin da ta ga ana dannawa. Ta ji gaisuwar uba, ta baffanni, ta jaki, hawaye na zuba. Yana cewa "ku hwaɗa mata" sai muryar ta ja, ta yi kauri, ta ɗauke. Da ta buɗe, zaren kaset ya cukurkuɗe a ciki kamar hanjin kaza.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ta naɗe rikodar a zane, ta kai wa Audi mai gyaran rediyo. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce irin wannan samfurin duk haka suke, akwai wata 'yar roba a ciki da aka yi ta ba daidai ba tun daga masana'anta, kuma ba ita ce ta farko da aka kawo masa ba.

"To wa ya yi ta?" in ji Baraka.

"Baba, ai daga ƙasar waje suke zuwa."

"Na ji. Mi sunan mutumin? Ɗan wane gida ne?"

Audi ya yi dariya, ya ga fuskarta, ya haɗiye dariyar. Ya nuna mata rumfar Alhaji Barau mai sayar da irinsu. Alhaji ya saurare ta da ladabi, ya ce shi daga Kano yake sarowa, na Kano daga Ikko, na Ikko kuma jirgin ruwa ke sauke masu. Ya ƙara da cewa ya ji a ƙasar masu yin ta har kotu ake kai kamfani a kan irin haka, amma mu nan wa zai kai wa? Don tausayi ya miƙo mata sabon kaset, wanda ba komai a cikinsa.

"Alhaji, mi zan yi da wanga? Ni ba kotu nike so ba. So nike a kai ni wurinshi, in zauna gabanshi, in hwaɗa mashi abin da ƙarhenshi ya ci."

Babu wanda ya san inda za a kai ta. Ta koma wurin Audi, ya yanke inda rikodar ta tauna, ya liƙe bakin zaren da jan farce. Sauran maganar duk ta dawo, ban da tata.

Tun daga nan Baraka ta zubar da kunyar da ta riƙe shekara da shekaru, ta shiga bin gidajen matan da suka ji kaset ɗin tana tambaya. Mairo ta ce cewa ya yi ta rage ɗaukar yumɓu a ka. Bilki ta rantse atamfa ya ce zai kawo mata. Malam Gide ya ce yana jin dai gafara ya nema, amma a lokacin hankalinsa na kan dariyar mata. Kowa da tasa, kuma ta lura duk abin da zai sanyaya mata rai suke zaɓa, shi ya sa ba ta gaskata kowa ba.

Ta ci gaba da ginin tukwane har ƙarfinta ya ƙare, kewar yaron kuwa ba ta ragu ba. Audi ya canza robar, rikodar ba ta ƙara cin komai ba. Jikokinta sun ce in gida ya yi shiru takan kunna, ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce "Ita kuma Inna, ku hwaɗa mata", sai ta kashe kafin muryar ta tsallake zuwa sallama. Ta gyara zama, ta kawo kunne kusa, ta ce, "Ina jin ka."