Zari-Ruga a Idles

Mun tashi daga Agadas ana sallame sallar asuba, ni da wasu fatake biyu, kowa rungume da jarkar ruwansa. Ni ba fatauci ya fito da ni ba. Innarmu ce ta aike ni Tamanrasset in zo mata da ƙanena, wanda ya bar Damagaram tun shekarar da aka kayar da shi a filin kokowa, gwiwarsa ta goce. Ɗansa har ya fara shiga fili da sa'o'insa, bai san fuskar ubansa ba sai a waya.

Hanyar kuwa, kai jama'a! Kujerar mota ta cinye mini ƙugu, jandarma su sauke mu, 'yan dowan masu binciken kaya su sake sauke mu. Na iso Tamanrasset kamar tsumman goge tukunya. Burodi a garin araha ne, amma kuɗin ɗakin kwana sai da na yi salati. Da na je gidan da magina 'yan ƙasarmu ke zama, aka ce ai mutuminka ya koma Idles, yana ginin katangar wani lambu. Wallahi saura kaɗan in zauna a ƙasa in yi kuka.

Wani Buzu direba mai jin Hausa ya taimake ni. Zai kai wani Bature yawon duwatsu wajen Idles, ya ce in shiga baya. Baturen gajere ne, wuyansa kamar turmi, yana ɗingishi, yana riƙe da wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Na tambaye shi da guntun Faransancina na lekkol, wato makarantar boko, ko mota ce ta taka ƙwallon. Ya yi dariya har da tari.

Ashe mutumin Ayalan ne, tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga, irin na mutum bakwai-bakwai. Duwatsu na jijjiga mu yana ba ni labari. Tun yana saurayi aka ce ya yi ƙanƙanta da wasan mutum sha biyar, sai masu bakwai suka ɗauke shi don gudunsa. Ya sa rigar ƙasarsa, ya zaga duniya, amma ya ce bai san ko'ina ba sai otal da fili. Gwiwa ta tsinke, aka ɗinke, ya dawo, ta sake tsinkewa. Daga nan wayarsa ta daina ƙara, ba mai nemansa. Da muka tsaya direba ya gasa mana burodi a cikin rairayi da toka, Baturen ya ci ya fi kowa, ya ce shekara da shekaru awon abinci ake masa.

Mun sami ƙanena a Idles da laka har gwiwar hannu. Ya rame, na ji tausayinsa kuma na ji haushinsa. Ya taho yana jan ƙafar hagu, Bature ya sauko yana jan ta dama, suka tsaya suna kallon juna. Ba tafinta, kowa ya naɗe wando ya nuna wa ɗan'uwansa tabo.

Muna shan shayi ƙanena ya ce, "Yaya, mene ne sunan wasan nasu?"

Na ce, "Zari-ruga."

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. "Ai ni ma shi na buga. Na zari jiki na ruga."

Na ce to ga dama, Inna ta ce ka dawo. Ya ɗauki ƙwallon Baturen yana juya ta. Baturen ya nuna masa yadda ake jefa ta, ya ce a wasansu haramun ne ka jefa wa na gabanka, sai wanda ke bayanka. Ya ce shi yanzu yara yake koya wa a ƙauyensu, kuma ranar farko ya kasa fitowa daga mota don kunya, amma daga baya ya fito. Na fassara wannan sau biyu, har da ƙarin gishiri.

Ƙanena ya shiga bukkarsa, na ɗauka kaya zai haɗa. Ya fito da warkinsa na kokowa, da layu a jiki.

"Yaya, ba zan iya wucewa ta ƙofar filin nan da wannan ƙafa ba. Ba yanzu ba. Ka kai wa yaron. Shi ne a bayana."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah. Ya koma kan katangarsa.

Dawowa ba ni da abin ba ku labari, hanyar ce dai da ƙugun. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ba faɗuwar ce ke korar ɗan wasa daga garinsu ba, idon waɗanda suka yi masa tafi ne. Na iso gida da hantsi. Inna ta leƙa bayana ta ga ba kowa. Ta karɓi warkin ta shinshina, ta daɗe. Yaron ya ɗaura, ya zame masa har ƙasa, sai ta jawo shi ta ƙulle masa da bakin zanenta.