Rigar Tsohon Ɗan Kokawa

Mu biyu ne. Ni ina koyar da lissafi a wata firamare a Tambuwal, ni ke kaɗa gurmi. Shi kuma ma'aikacin asibiti ne, mutumin Kebbe da aiki ya kawo garinmu, shi ke waƙa. Allura da wankin ciwo ne aikinsa, amma kowa Likita yake ce masa, ni ma haka. Shi kuma ya ce mini Malam. Muryarsa ba ta da ƙarfi, sai dai tana shiga kunne, kuma ba ya ihu kamar ana yanka shi.

Cikin mu biyun babu wanda ya gaji kiɗa. Ni a tsofaffin kaset na koya, irin waɗanda ake zubewa a tabarma ranar kasuwa, rubutun jikinsu duk ya goge. Ranar Asabar bayan la'asar muke zama a kulob ɗin ma'aikata, wata rumfar kwano mai benci huɗu da mai shayi a gefe, mu yi ta yi har a kira magariba. Rabin mutanen dara suke bugawa, ba su ma san muna wurin ba. Wani lokaci abokanmu biyu su zo. Akwai wani mahauci mai kalangu, shi kaɗai ne ɗan gado a cikinmu, kuma ba ya bari mu manta da haka. Akwai kuma wani Bafulatani mai gadi da ke busa sarewa, wanda ke zuwa ranar da ya ga dama ya tafi tsakiyar waƙa ba sallama.

Doka ɗaya gare mu, ba mu karɓar komai. In wani ya taso zai liƙa wa Likita kuɗi a goshi, sai ya kauce kamar an kawo masa mari, ni in bi mutum in mayar masa. Dalilin kuwa mahaifinsa ne, dattijo manomi mai shanu a Kebbe. Ranar da ya ji ɗansa na waƙa bai yi faɗa ba. Kiransa ya yi ya ce, "Yi waƙarka, ban hana ka ba. Amma gidanga ba mu roƙo. Rad da hannunka yak karɓi ko allura don waƙa, ran nan ka aje ta." Likita ya sa hannunsa cikin na uban ya ce ya yarda. Shekara shida muka yi a kan haka.

Akwai wani kiɗa da na tsinta a wani kaset da ya sha rana. Muryar mawaƙin ta shuɗe, gurmin kaɗai ake ji, yana tafiya a hankali sannan ya zabura. Na koye shi tsaf. Likita ya ɗora masa baitoci a kan ɗan acaɓan da ya kafe cikin laka a hanyar Kebbe, har fasinja ya sauka ya ɗauki babur a kai. Duk inda muka yi ta sai 'yan dara sun ɗago suna dariya. Ran farko da mahaucin ya ji, sai ya dafe kalangunsa ya ce, "Malam, wanga kiɗi da mai shi. Take na. Ba a ɗora wargi bisa taken mutum." Na ce to mai shi ya zo ya karɓi abinsa. Ɗan boko ne ni, ina ganin duk abin da babu suna a jikinsa na kowa ne.

Bayan kaka wata ƙungiyar matasan manoma ta gayyace mu Kebbe. Muka tafi a babura biyu, ni da Likita, mahaucin da kalangunsa a baya. Ƙarƙashin wata tsamiya aka shimfiɗa mana tabarma, ranar kasuwa ce, mutane sun taru fiye da yadda muka saba. Kowa a wurin ya san Likita da ubansa. Muka yi waƙa uku lafiya lau, sannan na ɗauko kiɗan babur.

Ban kai ƙarshen zagaye na farko ba wani tsoho ya miƙe daga bakin taro. Mutumin Fakku ne, igiyoyi ya kawo kasuwa, yana zaune a kansu. Ya saki sandarsa ta faɗi. Ya ratso mutane ya shigo fili yana ɗingishi, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Likita ya yanke waƙa, bakinsa a buɗe. Ni ma na so in tsaya, sai mahaucin ya zungure ni da gwiwa ya ce, "Kar ka yanke, mai shi ya zo," ya shigo da kalangu.

Tsohon ya ɗaga hannu ɗaya sama ya fara kirari. Muryar ta lalace, haƙora ba su cika ba, rabin maganar ban ji ba. Wani dattijo a bayana ya ce ai ɗan kokawa ne, a zamaninsa bayansa bai san ƙasa ba daga nan har bakin gulbi, kuma tun da makaɗinsa ya rasu ba wanda ya sake kaɗa masa takensa. Wannan kiɗa ne muka shekara muna ɗora wa babur da laka. Kunya ta kama ni, amma yatsuna ba su tsaya ba.

Da ya gama, sai ya kama wuyan rigarsa ya tuɓe. Tsohuwar saƙi ce shuɗiya, da faci a kafaɗa. Ya tsaya daga shi sai wando, ana ƙirga haƙarƙarinsa, ya miƙa wa Likita. Haka 'yan kokawa ke yi in an kaɗa musu take, abin da ke jikinsu suke bayarwa.

Na yi wuf na ce, "Baba, kawo nan, ni ke kiɗan."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Wanda yab buɗe baki bisa takena aka ba."

Likita ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, mu ba mu karɓa."

Tsohon bai janye hannu ba. Rigar na lilo a hannunsa. Ya ce, "Ta tsufa ko, ɗana? Ita ɗai gare ni."

A ƙasarmu in makaɗi ya mayar wa mutum kyauta a bainar jama'a, ya ce masa ke nan bai isa ba. Na san haka, Likita ya fi ni sani. Sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma." Wani ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa tsohon, aka miƙo masa sandarsa, ya koma kan igiyoyinsa ya zauna.

Kafin mu isa gidansu Likita labari ya riga mu. Muka tarar da mahaifinsa yana zuba wa shanu harawa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dubi rigar da ke hannun ɗansa ya ce, "Na jiya, an gaya min. Da ka bar tsohon nan da hannu miƙe, da ba ka ƙara shigo min gida ba."

Raina ya yi sanyi, na ce, "To ai Baba, tunda haka ne..."

Ya ce, "Malam, sannu da hanya." Ya juya wurin ɗansa. "Ka karɓa?"

"Na karɓa, Baba."

"To."

Ya ci gaba da zuba harawarsa.

A hanyar dawowa na yi ta masifa a kan babur. Na ce ya koma ya lallashi dattijo, ai ya ga da idonsa bai ji haushi ba, kalma ɗaya za ta warware komai. Likita ya ce ya sani, in ya tambaya za a ce ya ci gaba. Ya ce amma ba wanda ya kama hannunsa ya sa cikin na Baba, shi ya sa da kansa. Na ce wannan taurin kai ne irin na mutanen Kebbe. Ya ce in dubi gabana akwai rami.

Laifina ne, kuma na faɗa masa. Da na tambayi mahaucin ko taken wa ne, da ya bincika mana cikin mako guda. Har yau abin na ci mini rai.

Rigar tana gidansa, matarsa ta wanke ta ninke a akwati. Ni ban daina zuwa kulob ba. Mahaucin na zuwa, Bafulatanin ma in ya ga dama. Mun gwada wani akawu mai son waƙa, ya yi Asabar biyu muka sallame shi. Likita ma yana zuwa, ya zauna a bencin da ke kusa da mai shayi. Ina kaɗawa, in gurmi ya kai inda murya ke shiga, sai in sassauta in bar masa wuri, don hannu ya riga ya saba. Ina ganin maƙogwaronsa ya motsa. Sai ya ɗauki kofinsa ya kurɓi shayi, ni kuma in zagayo in sake daga farko.