Moɗar Ruwa a Hanyar Dungas

Tun ina ƙarama nake son gudu, tun ina ƙarama kuma ake kwaɓa ta a kansa. A ƙauyenmu, can gabas da Dungas, yarinya in ta fara ɗaura zani a ƙirji ta gama gudu ke nan. In aka hangi babbar mace ta sheƙo, to ko gobara ce, ko yaro ya faɗa rijiya, ko kuwa ita ɗin ce ta taɓu. Sai da na shiga kwalej a Magarya na samu wurin da ake cewa in yi gudu, har mushen wasanni, wato malaminmu na motsa jiki, ya riƙa sa ni gaban layi.

A Magarya gidan kawuna nake zaune, ƙanen Inna. Maƙwabcinsa ɗan duwan ne, wato ma'aikacin kwastan, shi kaɗai ke da tele a unguwar. Da batirin mota yake kunna ta, ya kafa wata doguwar gora da ƙarfe a bisa tana kamo masa tashar Kano. Hoton bai cika fita ba, kullum kamar ana yayyafi cikin akwatin. Maza a gaba bisa benci, mu mata a baya bisa tabarma.

Wata rana bayan la'asar aka nuna tseren dogon zango a wani babban birni na ƙasar waje. Mutane ne jingim, kowa da ɗan wando, suna gudu bisa kwalta.

Matar ɗan duwan ta ce, "Wa ya biyo su?"

Mijinta ya ce, "Ba kowa."

"To me aka ajiye musu a can gaba?"

Kawu ya ce, "Gajiya." Aka yi dariya.

Ni ban yi dariya ba, idona na cikin akwatin. Waɗanda suka fara fita kamar an harba su, can an jima sai ga wasunsu zaune bakin hanya sun riƙe ciki. Wanda ya zo na fari wani siriri ne baƙi, ka ce makiyayi ne ya biyo shanunsa, yana tafe ba gaggawa, hannuwa a sake. Na ga kuma mutane tsaye gefen hanya sun miƙo ruwa. Mai gudu ya fizga bai tsaya ba, ya kurɓa, ya juye sauran a ka.

Matar ɗan duwan ta tafa hannu. "A'uzubillahi! Shan ruwa a tsaye ma an hana, bare da gudu. Waɗannan ba su da iyaye ne?"

Daga ranar, in na ji an ce za a nuna gudu, da wuri nake gama wanke-wanke. Har tsokana ta ake yi, wai ga mai ƴan uwa cikin tele.

Hutun daminar bana na je gida. Abin da ya faru a lokacin nake son rubutawa.

Ranar kasuwar Mallawa ce. Baba da kusan duk mazan ƙauyenmu sun tafi tun da safe, da amalanke, da jakuna, ba a bar ko guda ba. Ni da Inna muna gayaunarta muna cire ciyawa cikin gyaɗa. Sai na ji ta ce, "Ke, igiyar ƙasa ta taɓa ni." A hankali ta faɗa, kamar mai cewa a miƙo mata gishiri. Mu ba ma kiran sunan maciji in ya yi sara. Na waiga na ga kububuwa tana sulalewa ƙarƙashin ganye.

Na goya Inna zuwa gida. Tsofaffi suka taru, aka ɗaure ƙafar, aka aika kiran mai magani, aka ce shi ma yana kasuwa. Ƙafa tana kumbura ina gani. Na tuna wata maƙwabciyarmu da kububuwa ta sara ina ƙarama, yadda jini ya yi ta zubo mata ta dasashi har ta cika. Na san akwai allurar sara a likita, wato asibitin Dungas, wajen majo, babban ma'aikacin wurin, kuma yana da ɗan babur, mobilet. Na duba tsakar gidan nan, daga tsofaffi sai masu goyo. Na naɗe zanina zuwa gwiwa, na ɗaure da kallabi, na fita.

Tsoro ya ce mini in sheƙa, na kuwa sheƙa. Ban wuce gonakin ƙauyenmu ba wani abu ya soke ni a haƙarƙari, numfashi ya ƙi shiga. Nan na tuna mutanen nan da ke zaune bakin kwalta sun riƙe ciki. Na rage. Wallahi a duk ranar ba abin da ya yi mini wuya kamar wannan: uwarka tana kwance, kai kuma kana sassauta ƙafa. Ji nake kamar cin amanarta nake yi. Na saki hannuwa yadda siririn nan yake yi, ina kuka ina tafiya da ɗan gudun da jikina zai ɗauka.

Hanyar ta ratsa wani ɗan ƙauye. Dattawa suna zaune gindin tsamiya. A al'ada sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na wuce su fuu, kai ba kallabi, gwiwa a waje.

"Ke! Ɗiyar wa ce wannan?"

"Ba ta ji. Dubi idonta, ta taɓu ce. Ku kama ta kar ta shiga daji!"

Magidanta biyu da ke noma kusa suka yar da hauya suka biyo ni. Ba mugunta suke nufi ba, na sani. Taimako ne. Amma na san abin da ake yi wa wadda ta taɓu: a danne ta, a kai ta ɗaki, a kawo hayaƙi da rubutu, duk abin da ta faɗa a ce ba ita ke magana ba. Ni kuwa ba ni da numfashin bayani. Ina jin ƙafafunsu a bayana suna matsowa.

A bakin ƙauyen akwai rijiya, mata suna ɗiba. Wata dattijuwa, guga a hannunta, ta tako tsakiyar hanya. Na ce shi ke nan, an tare ni. Ta dube ni cikin ido, ba ta taɓa ni ba.

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Inna. Igiyar ƙasa. Majo."

Ta juya ga mazan. "Ku tsaya nan, manyan banza! Mahaukaci ya taɓa bin hanya sak haka? Tun da ƙafarku ba ta kamo yarinya ba, ku yi aiki da maƙogwaro. A kira gaba!"

Na riga na wuce. Sai na ji takun wani a gefena. Ita ce. Tsohuwa, sa'ar kakata, ta kama zani da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da moɗa cike da ruwa, rabi yana zuba a ƙasa, tana gudu kafaɗa da kafaɗa da ni.

"Karɓi, ƴar nan. Kar ki tsaya. Sha a haka, Allah ya ga uzurinki."

Na karɓa, na kurɓa, na juye sauran a ka. Matar nan ba ta taɓa ganin tele ba a rayuwarta.

A bayana na ji ɗaya daga cikin mazan ya ɗaga murya yadda manoma ke kiran juna daga gona zuwa gona: "A faɗa wa majo! Igiyar ƙasa ta taɓa mace!" Wani can gaba ya amsa ya miƙa. Wani ya karɓa. Ina ji kiran ya wuce ni, yana ƙanƙancewa cikin hatsi har na daina jin sa. Daga nan ba wanda ya sake tare ni. Mutane suka riƙa fitowa bakin gonakinsu suna ba ni hanya. "Sannu, ƴar nan." "Allah ya kai ki." Wata mai goyo ta watsa mini ruwa a baya da hannunta.

Ban kai ga ganin gidajen Dungas ba na ji ƙarar mobilet. Majo ne, jakarsa rataye a wuya. Kiran ya isa gare shi, amma sunan ƙauyen ya ɓace a hanya, sai ya biyo inda muryoyin suka fito.

Ya ce, "Ke ce mai gudun? Hau, ki nuna mini."

Sai da muka isa gida, ya yi wa Inna allura, aka shimfiɗa ta cikin amalanken farko da ya dawo daga kasuwa, sannan wata ta ce mini, "Wannan moɗar fa ta wa ce?" Tana hannuna. Sai da aka ɓamɓare yatsuna.

Inna ta tashi, alhamdu lillahi. Ta daɗe a likita, ƙafar har yau ba ta saɓe duka ba, tana ɗingishi, amma tana daka, tana yi mini faɗa. Ni ce ban gama dawowa ba. Igiyar guga in na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi. Ban sake shiga gayaunar ba.

Kafin hutu ya ƙare na mai da moɗar. Na fara da dattawan gindin tsamiya, na durƙusa na biya gaisuwar da na wuce da ita, suka yi ta sa albarka, kowa yana cewa ba shi ne ya ce a kama ni ba. Na samu tsohuwar a bakin rijiya.

Ta ce, "Ga ɓarauniyar moɗa. Ya jikin uwar taki?"

Na ce, "Da sauƙi, Iya." Na so in yi godiya, kuka ya hana.

Ta ce, "Kar ki ɓata mini ruwa da hawaye. Ke kika yi gudu, ni ƙuguna ya biya, har yau da ƙyar nake ruku'u." Ta cika moɗar ta miƙo mini. "Yau kam zauna ki sha kamar ɗiyar mutane."

Na zauna na sha.

Da na koma Magarya an sake nuna tsere. Na zauna a tabarmata ta baya. Ban san wanda ya zo na fari ba, hannuwan gefen hanya nake ta kallo. Matar ɗan duwan ta buɗe baki za ta yi maganar shan ruwa da gudu, ta dube ni, ta fasa, ta matso ta dafa mini gwiwa har aka gama.