Shekarar da Na Ƙara wa Damina Mako Uku

Shekarun baya, tun tumbin nan nawa bai fara riga ni shiga ɗaki ba, na taɓa ƙara wa damina mako uku da bakina. Jama'a, ku gyara zama.

Mahaifiyata ta fi shekara arba'in a Zongon Kumasi, amma har gobe rabin zuciyarta na gona a arewa. Tana da fili a ƙauyensu, ƙanenta, wato kawuna, shi ke noma mata gyaɗa, wadda mu a nan muke ce wa gujiya. Da ita take yin mai da ƙuli-ƙulin sayarwa na shekara guda, kuma in ka ji tana yabon ƙuli-ƙulin nan sai ka rantse daga fadar sarki ta Manhyia ake aikowa saye. Gyaɗa kuwa wajen cira take da rigima. In ka yi gaggawa, ka tarar ƙwaya ba ta cika ba. In ka yi jinkiri har ruwa ya ɗauke, ƙasa ta riƙe ta gam, ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su yi zamansu a ƙasa.

Shi ya sa duk farkon kaka, ranar da gidan rediyo zai karanta hasashen yadda damina za ta ƙare a arewa, ni ake ɗora wa saurare. Da Turanci ake shirin, ni kuma ni ne baturen gidan. In na ji in faɗa wa Mma, ita kuma ta buga wa kawu waya.

A shekarar da nake ba ku labari, shirin ya zo daidai da wasan ƙwallo. Ina shagon takalmana a kasuwar Race Course, rediyo ɗaya, maƙwabta sun cika min ƙofa har iska sai ta nemi izini kafin ta shigo. Na ce bari mu ji minti biyar kacal, sai mu koma wajen masu yanayi. Minti biyar ɗin nan shi ya kai mu har kiran magariba.

Na dawo gida na tarar da Mma a kan tabarma tana tsince wake.

"To, me mutanenka suka ce?"

"Mma, ruwa kam akwai shi."

"Har yaushe?"

Nan ne ya kamata in ce ban ji ba. Amma bakina ya saba riga hankalina fita. Na ce, "Mako uku cur. Sun ce gajimare ya yi layi tun daga bakin teku kamar motocin haya na trotro a tasha, kowanne na jiran lodinsa."

Ta ce alhamdulillahi, ta ɗauki waya ta ce wa kawu a bar gujiya ta ƙara cika. Ni kuwa na ci tuwona na ƙoshi. Na ce a raina, ai ruwa na Allah ne, ƙila ma na dace.

Bayan kwana goma sha biyu, abokina direba mai ɗauko doya daga arewa ya sauka a shagona ina cikin cin wakye, wato shinkafa da wake.

"Cale, mutumina, can sama ta rufe famfo," in ji shi. "Kwana takwas ko ɗigo. Ai sun faɗa a rediyo ranar wasan nan, cewa bana ruwa da wuri zai ɗauke, masu gujiya su hanzarta. Kai ba ka ji ba, bature?"

Lomar da ke bakina ta koma yashi. Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba sai ranar aurena.

A hanya na shirya ƙarya kusan bakwai, kowacce ta fi 'yar'uwarta kyau. Da na ga Mma tana wanke kaskon suyarta, tana shirin gyaɗar da ba ta sani ba ko za ta zo, duk suka watse. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauraye hannu, ta goge da zani.

"Wa ya ci wasan?"

"An tashi ba ci, Mma."

"Wato ko ƙwallon ma ba ka samo ba. Kira min kawunka."

Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya. "Yaya, da kika ce mako uku, ban tambaye ki wa ya faɗa ba? Kika ce ɗanki. Mutumin da ya ce min ya ga ɓera a Kumasi ya kai akuya? Washegari na tara mutane muka cire rabi. Ɗaya rabin na bari, don kar a ce ban ji maganar yayata ba. Shi kam yanzu sai da fartanya."

Mma ta ajiye waya ta dube ni. "Abokin naka yaushe zai koma arewa?"

"Gobe da safe."

"To, akwai wuri a bayan motarsa."

Kwana shida na yi a gonar nan. Ƙasa kamar an yi mata siminti. In sara, fartanya ta yi tsalle ta dawo ta gaishe ni. Matan ƙauye masu roro suna bina a baya suna tsince abin da na bari, suna cewa, "Sannu mai hasashe, yau ruwan ƙarfe nawa?" Kawu na zaune a inuwa yana duba sama, wai yana jiran trotro na farko. Hannuna ya yi kanta, bayana ya lanƙwashe har na dawo Kumasi ina gaishe da mutane ba da niyya ba. Mun tono abin da ya tonu, saura ya zama rabon gara.

Ƙuli-ƙulin shekarar ya ƙare tun da sauran watanni. Wata safiya ina ɗaki na ji wata tsohuwa Ba'asantiya, wadda ta daɗe tana saye a wajenta, ta zo da kwanonta tun daga nesa. Mma ta ce mata cikin yaren Twi, "Bana ya ƙare, ruwa ne ya ɗauke mana da wuri." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Haka ta riƙa faɗa wa duk wanda ya zo, ba ta taɓa sa sunana ba. Wallahi da ta tara Zongo ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Har yau ban daina zuƙi ba, kun san ni, in na daina ma abokai sai su kai ni asibiti. Amma na gane akwai zancen da mutum zai ji ya yi dariya, akwai wanda zai ji ya bar abincinsa na shekara a ƙasa. Yanzu in kaka ta matso, da biro da takarda nake zama gaban rediyo. In wani abu ya wuce ni kuma, sai in je in durƙusa in ce, "Mma, wannan ban ji ba." Takan gyaɗa kai ta ce, "Yauwa. Wannan na yarda da shi."