Hannun da Ya Shuka Geron

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ba ni aji ɗaya a firamaren ƙauyenmu, can arewa da Dawakin Tofa. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, rula ba ta rabuwa da hannuna. Kullum darasin riƙon fensir ɗaya ne: babban yatsa da manuniya su kama, na tsakiya ya tallafo daga ƙasa, a sassauta hannu. Kafin zango na biyu ya ƙare yawancin yaran sun kama.

Ban da wata yarinya 'yar shekara bakwai mai zama bakin taga. Ranar farko da na raba fensir ta miƙo hannun hagu, na buge shi da rula kamar yadda aka yi mana muna yara, na wuce abina. Tun daga ranar take dunƙule fensir a hannun dama kamar mai riƙe da muciya. Ta danna har bakin ya karye, takarda ta huje. In feƙe da reza, ta sake karyawa. In buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya in jera su, kafin in juya sun sake dunƙulewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka nake faɗa wa kaina duk sanda rula ta sauka a kan yatsunta.

Daf da saukar damina babanta ya zo a keke, ya tsaya a bakin aji ko sauka bai yi ba.

"Malama, shekara ta kusa zagayowa, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Fensir na nawa ke nan nake saya?"

"Malam, a ƙara mata lokaci."

"Alhamis ta sama zan dawo. In ba ta rubuta sunanta a gabana ba, ta zauna gida. Awaki na neman mai yi musu ciyawa."

Na san shi, mutum ne da ba ya magana biyu. Na kuma san yarinyar na da kai, domin duk abin da na rubuta a allo tana karanta shi kafin kowa. Haushi ya sa na ƙara matsa mata, ana tashi in tsare ta. Yawan matsin, yawan rawar hannun. Ranar Litinin haruffa biyu kawai ta iya yi, suka yi kama da sawun kaza, hawayenta ya jiƙa sauran layin.

Talata aka wayi gari da ruwan shuka. Rabin aji bai zo ba, kowa yana gona. Da na tashi na bi ta hanyar da ta ratsa gonarsu. Baban yana gaba yana sara da sungumi, ita tana biye da 'yar ƙwaryar iri, tana jefawa tana binnewa da diddige. Na tsaya gaishe su, sai idona ya faɗa kan hannunta. Ƙwaryar tana dama. Da hagu take tsamo geron, yatsu uku cif, babba da manuniya da na tsakiya, a sake, ba rawa ba gardama. Riƙon da na kwashe watanni ina nema da duka ga shi nan a cikin ƙwarya. Baban bai taɓa gani ba, don mai sara ba ya waiwaye.

Kunya ta kama ni, sannan tsoro, saboda na san abin da hagu yake a garinmu. Ba a cin abinci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, balle a rubuta suna.

Laraba na rufe ƙofar aji na sa mata fensir a hagu. Ta ƙi karɓa, tana kallon rula. Sai da na jefa rular bayan teburi na ce, "Ɗauka kamar za ki tsamo iri." Ta ɗauka. Haruffan suka fito a karkace, amma takarda ba ta huje ba.

Alhamis ya zo kamar yadda ya ce, ƙafarsa duk laka. Na ajiye littafi da fensir a gabanta. Ta dube shi, ta dube ni, hannayenta biyu a ƙarƙashin benci. Can ta fito da hagun. Harafi bayan harafi, har sunan ya cika.

"Da hagu?" ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Malama, abin da kike koya mata ke nan?"

"Malam, ba ni na koya mata ba. Da shi ta shuka maka gero shekaranjiya. Ni dukansa kawai na yi."

Ya ɗauki littafin ya daɗe yana kallo. Ya ce ta sake rubutawa, ta sake.

"To," ya ce. "Boko da hagu. Amma allo da tuwo, da dama. Kin ji ni?"

Ta gyaɗa kai. Ya hau kekensa ya tafi, bai ce mini na gode ba, ban kuma cancanta ba.

Daɗi ya cika ni, na miƙa hannu zan kama nata in ɗaga wa 'yan aji su tafa mata. Tana ganin hannuna ya taho ta runtse ido, ta fizge hagun ta ɓoye a bayanta.